Benis da Padoba: Garuruwan da suka yi kokawa da annoba kafin a san ƙwayar cuta

A wannan makon za mu leƙa arewa maso gabashin ƙasar Italiya, zuwa garuruwa biyu da tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita 40 ce: Benis da Padoba. Yawancin baƙi suna zuwa Benis ne don su hau kwalekwale su ɗauki hoto. Mu kuwa za mu je ne mu ga yadda Turawa suka ɗauki cuta da magani shekara 400 zuwa 500 da suka wuce, lokacin da babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar cuta da idonsa. Har yau alamun wancan zamani suna nan a jikin bangon garuruwan biyu da daɓen titunansu.

Garin da titunansa ruwa ne

Benis, wanda littattafan Larabci ke kira Bunduƙiyya, an gina shi a kan 'yan tsibirai 118 cikin wani faffaɗan tafki na ruwan gishiri a bakin tekun Adiriyatik. Gadoji sama da 400 ne suka haɗa tsibiran. Jirgin ƙasa yana bin wata gada mai tsawon kusan kilomita huɗu a kan ruwa kafin ya shiga tasha, daga nan kuma an yi sallama da taya. Babu mota, babu babur. Motar haya jirgin ruwa ce, motar asibiti jirgin ruwa ce, mai kwasar shara ma da jirginsa yake zagayawa.

Mutanen garin ba su da gonar kirki, saboda haka fatauci suka riƙe. Jiragensu suna zuwa Iskandariyya da Bairut da Santambul, su dawo da auduga da alharini da masoro da kirfa da citta, su sayar wa sauran ƙasashen Turai. Da haka suka yi arzikin da ya gina manyan gidajen da ake zuwa kallo yanzu. To amma ƙofar da arziki ke shigowa, ta nan annoba ma take biyowa. A 1348 cutar ɗa'un ta shigo garin ta jiragen ruwa, ta yi mummunar ɓarna, kuma daga nan ta riƙa dawowa lokaci bayan lokaci har kusan shekara 300.

Ɗa'un yana farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, sai kaluluwa ta kumbura a hammata ko wuya ko gindin cinya, wani lokaci har ta kai girman ƙwai. Kusan rabin waɗanda suka kamu, ko fiye, sukan mutu cikin mako guda. Yau mun san cewa wata ƙwayar cuta ce da ke rayuwa a jinin ɓeraye, ƙuma ta tsotso ta daga ɓera ta ciji mutum. Mutanen wancan lokaci suna ganin ɓera, suna jin cizon ƙuma kullum, amma ba su kawo su cikin lissafi ba. Suna da nasu bayanin, kuma bayanin yana rataye a kantunan garin har gobe.

Fuska mai bakin burtu

Duk lungun da mutum ya shiga a Benis zai ga masu sayar da tsaraba sun rataye wani farin abin rufe fuska mai dogon baki lanƙwasasshe, kamar kan burtun da maharba ke ɗaurawa a goshi. Yanzu don wasan bikin shekara ake sayensa, amma asalinsa kayan aikin likita ne. A ƙarni na 17 wasu likitocin annoba a Faransa da Italiya sun riƙa sa irinsa, tare da doguwar riga da aka shafe da kakin zuma, da safar hannu, da sandar taɓa majinyaci daga nesa. A cikin dogon bakin suke cusa busassun furanni da ganyaye masu ƙamshi, ko soson da aka jiƙa da ruwan khal.

Dalili shi ne sun yi imani cewa annoba tana cikin iskar da ake shaƙa. A ganinsu, tururi mai dafi yana tasowa daga fadama da juji da kwata da ruɓaɓɓiyar gawa, kuma wari shi ne alamarsa. Idan wari ne cuta, to ƙamshi ne kariya. Shi ya sa suke hura wuta da itatuwa masu ƙamshi a mararraba, suna turara ɗakuna, suna kuma gudun wanka da ruwan zafi don kada ƙofofin gashi su buɗe dafin ya shiga. Kalmar maleriya da kuke ji a asibiti daga nan ta fito: da harshen Italiya ma'anarta mummunar iska. Sun lura daidai cewa mazauna bakin fadama sun fi fama da zazzaɓi. Abin da ya kuɓuce musu shi ne sauro, wanda sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da rawar da yake takawa, a ƙasar Indiya.

Wani malamin coci da ya kula da asibitin masu ɗa'un a birnin Jenowa a 1657 ya rubuta ƙorafi a kan rigar kakin nan. A ganinsa ba ta da wani amfani, abin da kawai take yi shi ne hana ƙuma maƙalewa a jikin mutum. Ya taka gaskiyar da ƙafarsa ya wuce, bai sani ba.

To in iska ce, me ya sa mutum biyu za su shaƙi iska ɗaya, ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsira? Amsar likitocin ta fito ne daga Galen, wanda malaman Larabci ke kira Jalinus, wani likita Bagirke da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2. Koyarwarsa ta isa jami'o'in Turai galibi ta hannun likitocin Musulmi, musamman littafin Al-Ƙanun na Ibnu Sina, wanda aka fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 aka kuma ci gaba da karantar da shi har cikin ƙarni na 17. Bisa wannan koyarwa, jiki yana ɗauke da ruwa iri huɗu: jini, da majina, da ruwan maɗaciya, da wani baƙin ruwa da suka danganta da saifa. Kowanne yana da ɗabi'arsa ta zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Idan sun daidaita, lafiya ke nan. Idan ɗaya ya rinjayi saura ko ya lalace, jiki ya buɗe wa cuta ƙofa.

Magani ke nan shi ne a rage abin da ya yi yawa. Sai a tsaga jijiya a zubar da jini, ko a yi ƙaho, ko a manna matsattsaku, ko a ba da maganin amai da na gudawa. Likitan da ya yi jami'a bai cika taɓa wuƙa ba. Nasa shi ne ya ji bugun jijiya, ya ɗaga fitsari a kwalba ya duba launinsa, ya faɗi abin da za a yi. Mai yankan wanzami ne, kamar dai namu: shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke cire haƙori. A Landan, wanzamai da masu fiɗa ƙungiya ɗaya suke tun daga 1540 har 1745.

Ku lura da wani abu game da wannan tsari. Idan majinyaci ya warke, sai a ce zubar da jinin ne ya yi aiki. Idan ya mutu, sai a ce an makara, ko jinin da aka ɗiba bai isa ba. Ko ta ina aka ɓullo, littafi ne ke da gaskiya. Haka ra'ayin ya rayu shekara sama da 1,300.

Sawun turmi a dandali

Idan muka taka zuwa dandalin Santo Stefano muka duba ƙasa a gaban wani kantin magani da ke kusurwa, za mu ga wasu zagayayyun alamu a jikin duwatsun daɓe. Nan ne ake girke manyan turame na daka maganin da ya fi kowanne suna a Turai a lokacin, wato tiryaƙi. Kusa da gadar Riyalto kuma akwai wani kan mutum na tagulla mai ruwan zinariya da ke maƙale a saman bango, alamar wani tsohon kanti da ya shahara da haɗa shi.

Kayan haɗin tiryaƙi sun kai 64. Akwai kirfa da masoro da citta da saiwoyi iri-iri, akwai ofiyom mai kashe zafin ciwo da sa barci, akwai kuma naman wani maciji ɗan uwan kububuwa, wanda ake kamowa a duwatsun da ke kusa da Padoba. Duka a dake su a kwaɓa da zuma, a ajiye ya daɗe kafin a sayar. Tunanin shi ne, tunda maciji yana yawo da dafi a jikinsa bai mutu ba, to namansa yana da makarin dafi, annoba kuma ai dafi ce.

Hukumar Benis ba ta wasa da wannan sana'a. Sai kanti mai lasisi zai haɗa, kuma dole ya baje kayan a fili kwana uku jama'a su gani, sannan a daka a gaban likitoci da jami'an gwamnati. Wannan sa ido ya sa tiryaƙin Benis ya yi daraja har a kasuwannin daular Usmaniyya. An tabbatar babu algus a cikinsa. Abin da ba wanda ya tsaya ya gwada shi ne ko yana warkarwa. Mai ɗa'un da ya sha yakan ji sauƙin raɗaɗi saboda ofiyom, ya sami barci, cutar kuwa tana nan tana aikinta. Sai a 1745 wani likitan Ingila, William Heberden, ya fito fili ya rubuta cewa tarkace ne kawai.

Tsibiran kwana arba'in

Yanzu mu hau jirgi mu fita bayan gari, domin abin da ya fi tsare rayukan mutanen Benis yana can tsakiyar ruwa. A 1423 majalisar garin ta ware wani ɗan tsibiri ta mai da shi asibitin masu ɗa'un na dindindin, wanda ake kira Lazzaretto Vecchio, wato tsohon gidan killacewa. A 1468 aka ƙara na biyu, Lazzaretto Nuovo, a arewacin tafkin. Na farkon na waɗanda suka kamu ne. Na biyun na waɗanda ake zargi ne: matuƙan jirgi da fatake da kayansu, da iyalan da aka yi rashi a gidansu.

Duk jirgin da ya iso sai ya nuna takardar lafiya daga tashar da ya baro, kamar yadda maniyyaci ke nuna katin rigakafi kafin ya hau jirgin Makka. Idan akwai shakka, jirgi da mutane da kaya sai sun yi zaman jira, galibi kwana 40. Da harshen Italiya arba'in ita ce kwaranta, kuma daga nan Turawa suka samo kalmar da suke kiran killace mutane da ita, wadda kuka sha ji a rediyo lokacin korona. Tun kafin Benis, garin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrobnik a ƙasar Kuroshiya, ya kafa dokar jiran kwana 30 a 1377. Waɗanda ke zuwa Islamiyya a cikinku kuma sun san hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla ko fita daga cikinsa, da yadda Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annobar Amwas.

A Lazzaretto Nuovo har yanzu akwai wani katafaren sito mai tsawon sama da mita 100. A jikin bangonsa ana iya karanta rubutu da zane da 'yan dako suka yi da jan launi: tambarin 'yan kasuwa, da labarin jiragen da suka iso daga Santambul da Iskandariyya da Kubrus. Aikinsu shi ne su kwance dilolin auduga da ulu, su shanya, su juya, su turara. Har hannu suke zurawa tsirara cikin dila. Idan wa'adi ya cika ɗan dako bai kwanta ba, kaya sun tsarkaka. Da jikin talaka ake yin gwajin.

Masu dokar suna ganin dafi ne ke maƙale wa tufafi, iska da rana kuma su kore shi. Dalilin bai yi daidai ba, amma aikin ya yi. Ɗa'un yakan bayyana cikin mako guda da kamuwa, don haka kwana 40 sun isa duk mai ɗauke da shi ya bayyana tun yana tsibiri, nesa da kasuwa da unguwa.

Tsoro kuma ya haifi wasu abubuwan. Masu tono sun gano ƙwarangwal sama da 1,500 a manyan ramuka a tsohon tsibirin. A sabon kuma, a 2006, an tono ƙoƙon kan wata mata da tubali a bakinta. Mai binciken da ya gano shi ya danganta shi da wata camfi ta lokacin, cewa akwai gawar da ke tauna likkafaninta a kabari tana yaɗa annoba, sai an toshe mata baki. Wasu masana kuma sun ce tubalin faɗawa ya yi daga baya. A birnin Milan a 1630 abin ya fi muni: an kama wani jami'in lafiya da wani wanzami da zargin shafa man annoba a bangon gidaje, aka azabtar da su har suka amsa laifin da ba su yi ba, aka kashe su.

Muhawarar 1576

A 1575 ɗa'un ya sake ɓulla a cikin Benis. Hukumar lafiya ta garin, wadda masu mulki ne ke riƙe da ita ba likitoci ba, tana rubuta duk mutuwar da aka yi kullum. Ta fara rufe gidajen da aka kamu, tana kwashe marasa lafiya zuwa tsibiri, tana ƙona kayansu. 'Yan kasuwa ba su ji daɗi ba, domin da zarar an ce akwai annoba a Benis, sauran garuruwa za su rufe mata ƙofa, ciniki ya tsaya.

A watan Yuni na 1576 aka gayyato manyan shehunan likitanci biyu daga jami'ar Padoba, Girolamo Mercuriale da Girolamo Capodivacca, aka yi muhawara a fada gaban shugaban garin. Suka ce wannan ba ɗa'un na gaskiya ba ne. Hujjarsu daga littafi take: ɗa'un na gaskiya daga gurɓatar iska yake zuwa, iska kuwa kowa ke shaƙa, don haka zai kama mai kuɗi da talaka da yawa a lokaci ɗaya. Wannan kuwa mutane kaɗan yake kashewa, galibi talakawa. Suka yi tayin duba marasa lafiya da kansu, bisa sharaɗin a sassauta dokokin killacewa. Hukumar lafiya ta yi gargaɗi, amma shugabanni sun ji abin da kunnensu ke so, suka amince.

Shehunan ba matsorata ba ne. Sun shiga gida-gida da mataimakansu, suna taɓa majinyata, suna jin bugun jijiya, su fito su shiga wani gidan. Cikin 'yan makonni mace-mace suka ninka, wasu daga cikin mataimakansu ma suka mutu. Aka sallame su, aka dawo da dokokin, amma an riga an yi ihu bayan hari. Tsibiran biyu suka cika, har aka riƙa ajiye dubban mutane a cikin jiragen da aka ɗaure kewaye da sabon tsibirin. Kafin annobar ta lafa a 1577, ta kashe kusan mutum 50,000, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na garin.

Majalisa ta yi bakancen gina coci idan Allah ya yaye. Shi ne cocin Redentore, wanda har yau duk ranar Lahadi ta uku a watan Yuli ake shimfiɗa gada a kan ruwa jama'a su taka zuwa cikinsa. Annobar 1630 zuwa 1631 ta sake ɗaukar kimanin mutum 46,000, aka gina coci mai babbar ƙubba da ke bakin babbar hanyar ruwan garin, aka sa masa suna Salute, wato lafiya. Daga wannan ɗa'un bai sake cin garin Benis ba, ko da yake jiragen gabas ba su daina zuwa ba. Birnin Marsai na Faransa kuwa, da aka yi sakaci da dokar killacewa a 1720 don a fitar da yadin wani jirgi a kai kasuwa, ya rasa kusan rabin mutanensa.

Lambu da gidan kallo a Padoba

Mu bi sawun shehunan nan zuwa garinsu. Tafiyar kamar rabin sa'a ce a jirgin ƙasa. Padoba gari ne na ɗalibai da kekuna, titunansa da dogayen rumfunan dutse da ke kare mai tafiya daga rana da ruwa. An kafa jami'arsa a 1222. Abin mamaki, jami'ar da ta fitar da waɗanda suka yi wancan kuskure ita ce kuma inda aka fara rushe tushen kuskuren.

Za mu fara da lambun jami'ar, wanda aka kafa a 1545. Zagayayye ne, an raba shi gida huɗu, kowace shuka da gurbinta. Dalilin kafa shi shi ne ana yawan rikita tsirran magani, ko a sayar da na jabu, majinyaci ya cutu. Sai aka ce ɗalibi ya zo ya ga shukar da idonsa, ya taɓa, ya sansana. Ɓarayi suka riƙa shiga da dare suna tuge masu tsada, dole aka zagaye shi da katanga. Akwai wani ɗan itacen dangin dabino da aka dasa a 1585, yana nan da ransa. Ɗaya daga cikin shugabannin lambun, Prospero Alpini, ya zauna a Masar, kuma a littafinsa na 1592 ya ba Turawa labarin gahawa da kuma wani ɗan itace da ya gani ana sayarwa a Alƙahira don magani. Ɗan kuka ne, irin wanda ke bayan makarantarku.

Daga lambu sai tsohon ginin jami'ar, inda ake shigar da baƙi wani ɗaki su ɗaga kai. Abin da za su gani kamar mazurari ne na katako: hawa shida masu zagaye, kowane ya fi na ƙasansa faɗi, a can ƙasa kuma wurin teburi ɗaya. An buɗe shi a 1595, ya kuma yi aiki har 1872. Ɗalibai kusan 300 ke tsayawa a matse, da hasken kyandir, suna kallon yadda ake buɗe jikin mutum. Da hunturu ake yi don kada gawa ta yi saurin lalacewa, galibi kuma gawar waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa ce. Turawa suna kiran irin wannan ɗaki da sunan gidan kallon wasa, kuma daga wannan kalma Hausa ta samo tiyata.

Kafin a gina ɗakin, al'adar ita ce malami ya zauna a kujera mai tsawo yana karanta Galen, wanzami yana yanka a ƙasa. A 1537 aka naɗa wani matashi ɗan Burasels, Andreas Vesalius, ya koyar da fiɗa. Shi sai ya sauko ya karɓi wuƙar. Da ya duba da kyau, ya ga abubuwa da yawa ba su dace da littafi ba. Galen ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, shi ya ga ɗaya. Galen ya ce ƙashin ƙirji gaɓa bakwai ne, shi ya ga uku. Sai ya gano dalili: Galen birai da aladu da shanu ya feɗe, ya ɗora abin da ya gani a kan mutum. Vesalius ya wallafa babban littafinsa mai zane-zane a 1543, yana da shekara 28. Tsohon malaminsa na Faris ya fusata, har ya ce Galen bai yi kuskure ba, jikin ɗan Adam ne ya canza.

Malamin da ya gina ɗakin kallon, Fabricius, ya yi bayanin wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyoyin jini, amma bai gane ainihin aikinsu ba. Ɗalibinsa ɗan Ingila, William Harvey, wanda ya kammala a Padoba a 1602, shi ya ci gaba da tambaya. Galen ya koyar cewa hanta ce ke ƙera jini daga abinci, jiki kuma ya shanye shi. Harvey ya yi lissafi irin na aji: ya ƙiyasta jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugunta a rabin sa'a, sai adadin ya fi duk jinin da ke jikin mutum. Babu hantar da za ta ƙera wannan. Ashe jini ɗaya ne ke zagayawa ya dawo. Ya wallafa haka a 1628. Tun a ƙarni na 13 wani likita a Alƙahira, Ibnun Nafis, ya riga ya rubuta cewa jini ta huhu yake bi daga ɓangaren zuciya na dama zuwa na hagu.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. A 1685, shekara 57 bayan littafin Harvey, da Sarki Charles na Biyu na Ingila ya faɗi rashin lafiya, likitocinsa sun zubar masa da jini kusan rabin lita tun a tashin farko, suka bi da ƙaho da maganin amai da na gudawa, ya rasu cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar ɗa'un kuwa sai a 1894 Alexandre Yersin ya gan ta a Hong Kong, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera. Yau cutar tana ɓulla jefi-jefi a ƙasashe irin su Madagaska da Kwango, amma ana warkar da ita da magungunan kashe ƙwayar cuta idan an je asibiti da wuri.

Mercuriale ya fi Vesalius da jami'an lafiyar Benis haddar littafi, kuma da zuciya ɗaya ya shiga gidajen marasa lafiya. Bambancin shi ne, da littafi da ido suka saɓa, shi ya bi littafi, su suka sake dubawa suka ƙirga.

Ga aikin gida, gwajin da Harvey ya yi ne, ba ya bukatar komai sai hannunku. Ku saki hannu ƙasa na ɗan lokaci har jijiyoyin bayansa su taso. Ku zaɓi guda miƙaƙƙiya, ku danne ta da yatsa ɗaya kusa da gindin yatsu, kada ku ɗaga. Da wani yatsan ku shafo jinin da ke cikinta zuwa wuyan hannu, sannan ku ɗaga shi. Za ku ga jijiyar ta kwanta babu jini, domin 'yar ƙofar nan ta hana shi komowa baya. Yanzu ku ɗaga yatsan farko, ku ga ta wane ɓangare za ta cika. Ku rubuta abin da kuka gani, ku kai wa malamin bayoloji ranar Litinin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.